Injin Niƙa na Kwana Tara

Mas'uda, ɗiyar Malam Halliru mai albasa, ba don son tarihi ta shiga sashen tarihi ba. Lauya ta so zama, makinta bai kai ba, aka tura ta inda ake da gurbi. A ƙauyensu da ke gefen Rimawa an san ta da kyan rubutu da saurin gama aiki, kuma saurin nan ne ya ja mata a aji biyu na jami'a.

Malamarsu Augustina, mutuniyar kudancin Kaduna da ta shekara ashirin a Sakkwato, ta ce kowa ya rubuto tarihin wani abu na garinsu. Mas'uda ta zauna da waya, ta kwaso na nan ta liƙa da na can, kafin la'asar ta haɗa shafi goma kan Goronyo gaba ɗaya. Malamar ta karanta layi uku ta miƙo mata abinta. Ta ce wannan rubutun sau shida ke nan ana kawo mata shi a mako guda, ko kuskuren layi na biyu ba wanda ya gyara. Ta ce ta zaɓi ƙaramin abu, ta je ta tambayi mutane da bakinta, kada ta tsaya ga mutum ɗaya, kuma kowace magana ta nemo shekararta.

Sai ta zaɓi injin niƙa na farko da aka kawo ƙauyensu, a tunaninta aikin wuni ɗaya ne.

Da hutu ta fara da Baba Mainasara, tsohon da kowa ya ce ya san labarin. Da ya ji za a ɗauki maganarsa a waya sai ya shiga gida ya sako babbar riga, duk da ta gaya masa murya kawai za ta ɗauka. Ya faro daga shanun kakansa, sai da aka kusa kiran azahar ya iso kan injin. Ya ce shi ya kawo shi daga Sakkwato a bayan mota, gari ya fito kallo. Ta tambayi shekara.

"Shekarar da anka yi fara," in ji shi.

"Wace fara, Baba? An ce ba sau ɗaya ta zo ba."

"Wadda tac cinye min gero."

Ta rubuta hakan, don ba ta da abin rubutawa da ya fi shi.

Kafin ta isa wurin Alhaji Sa'adu, mutum na biyu a takardarta, labari ya riga ta. Ta tarar da shi a zaure ya shimfiɗa tabarma yana jira. Bai bari ta gama gaisuwa ba.

"Mi yac ce miki? Ɗiyata, Mainasara ko jarkar man injin nan bai ɗauko ba. Ni nik kawo shi."

Shi kuma shekararsa ita ce wadda aka sake kuɗi. Da ta ce an sake kuɗi fiye da sau ɗaya, ya ce wannan ba laifinsa ba ne.

Ta hau mota zuwa Goronyo ko za ta samu wata takarda a ofis. Wani dattijon ma'aikaci ya saurare ta da kyau, ya ce ba ya jin an taɓa rubuta zuwan injin niƙa a ko'ina, amma ta yi sa'a, don kawunsa ne ya kai injin farko ƙauyen nan. Mas'uda ta yi godiya ta fito.

Ta dawo gida ranta a jagule, ta zauna kusa da kakarta Inna Asabe tana taya ta ɓarar wake, tana mita. Tsohuwar ta bari ta gama, sannan ta ce ai Mainasara da Sa'adu su biyun suka haɗa hannu suka kawo shi, kuma kwana tara kacal ya yi yana aiki. A rana ta tara ita da kanta ta kai gero, tana da tsohon cikin Halliru. Injin ya haɗiye geron, ya yi tari, ya yi shiru.

"Har yau ban ga garina ba," in ji Inna. "Kowane yac ce ɗan'uwanai na yal lalata shi. Mu dai munka koma ga turmi."

Mas'uda ta ruga ta duba katin shaidar babanta, ta ga ɗaya ga watan ɗaya, kamar na rabin mutanen garin. Malam Halliru ya ce mai rubutun gemunsa ya kalla ya yanka masa shekara. Inna ce ta sake fitar da ita. Ta buɗe wata tsohuwar kwalla ta zaro katin awon Halliru yana jariri, da ya yi jawur, ga kwanan wata ɓaro-ɓaro. Wasu tsofaffin mata biyu da Mas'uda ta tambaya daban-daban suka faɗi abu guda, ɗayarsu ma ta ce kwana takwas ne, ana yi wa injin kara.

Ranar kasuwa sai ga Baba Mainasara da Alhaji Sa'adu tare a ƙofar gida, abin da aka daɗe ba a gani ba. Sun zo roƙon Malam Halliru ya sa ɗiyarsa ta cire zancen kwana tara. Mas'uda ta durƙusa ta ba su haƙuri, ta ce za ta rubuta abin da kowa ya faɗa da sunansa, nasu da na matan. Haka ta yi, Malama Augustina ta ba ta maki mafi yawa a ajin.

Da ta dawo, tsofaffin biyu suka ce a karanta musu. Da Turanci aka rubuta, ba mai jin ko kalma a cikinsu, amma suka kasa kunne har ƙarshe, kowa yana lanƙwasa yatsu. Sunan Mainasara ya fito sau goma sha ɗaya, na Sa'adu sau tara. Mas'uda ta gama jami'a, yanzu tana koyar da tarihi a wata sakandare a Wurno, amma duk zuwan da za ta yi gida sai Alhaji Sa'adu ya aiko a tambaye ta yaushe za a gyara takardar.