Kan Burtu a Jakar Baba Nomau

Maraɗi zuwa Tibiri

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar Sabon Gari a kan kabu-kabu. Ni tela ne, daji ba wurina ba ne. Amma yayana Hamidu, mai gadin wani kurmi kusa da Jiratawa, ya kira ni in kawo masa maharbi. Awaki marasa mai shi sun keta shinge suna cinye ciyawa da ƙananan itatuwa, kuma a nan burtu biyun da suka rage a yankin suke da sheƙa. Kowa ya san ɓarayin dabbobi a daji suke ɓoye sata, da bindigoginsu.

Shida da kwata na isa Tibiri na ɗauko Baba Nomau, tsohon maharbi. Muka sha kunu da ƙosai a tsaye.

Jiratawa

Muka ratso Maraɗi muka yi kudu. A shingen hanya wani jandarma ya buɗe jakar Baba, ya ga busasshen kan burtu.

"Baba, wannan fa?"

"Hular aiki ce, ɗana."

Ƙarfe tara muna bakin kurmi. Hamidu ya ce, "Ba na shiga kora sai na san ko da mutane ciki."

Baba ya ɗaura kan burtun a goshi, ya yafa baƙin zane, ya shiga da rarrafe kamar yadda yake yaudarar namun daji a da. Minti arba'in muna kwance bayan wani gawo. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Wallahi na ji tsoro.

Can sai ga baƙin kai biyu cikin ciyawa. Ɗaya na Baba ne. Ɗayan na burtu ne mai rai, yana biye da shi, yana kuka ƙasa-ƙasa.

"Ba kowa, awaki ne kawai," in ji Baba. Muka kore su zuwa gidan mai gari, muka toshe shingen da ƙaya har azahar.

Da za mu tafi, Baba ya tona rami a gindin itacen sheƙar ya binne kan.

"A nan na harbe shi ina saurayi," ya ce. "Yau ɗan'uwansa ya biyo ni, ya ɗauka an dawo masa da nasa."

Gida

La'asar na shigo Sabon Gari, ƙaya duk a wandona. Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa Baba Nomau, wanda ya koma Tibiri da jaka wayam.