Tarun Kawu Ɗanjumma

Duk macen da ta taɓa shiga gidan Kawu Ɗanjumma a Talata Mafara ta san ba fuska yake fara kallo ba, gyale ne. Kina durƙushe kina gaishe shi, zai kama bakin gyalenki ya ɗaga wa rana, ya ce, "Wagga saƙa ta yi kyau. Yaushe za ki gaji da shi?" Ni 'yar ƙanwarsa ce, uku na rasa a hannunsa.

Taru yake yi da su. Ya lanƙwasa wayar bokiti, ya ɗinka gyalen a jiki kamar mazurari, ya ɗaura kwalbar man shafawa a tsinin, sai dam ɗin Bakolori. Can zai hau kwalekwale a yi ta jan abin a hankali. Ruwan da ya taru a kwalba ya kawo gida, ya ɗiga ɗigo ɗaya ƙarƙashin tsohon madubin likitan da ya saya tun yana koyarwa. Wai akwai halittu a ciki, masu ƙafafu, masu ƙaho, har da masu goyo! Gari ya ce ya taɓu, ko a jikinsa. Abu ɗaya ke cin ransa: matarsa, Gwaggo Hajo, ta ƙi leƙawa ko sau ɗaya.

"Hajo, taho ki gani."

"Ba ni zuwa! Ka ƙare min gyale, yanzu ruwa kaka son hana ni sha?"

Wani masunci ɗan Maradun da ya ɗauke shi a jirginsa ya taɓa tambayarsa, "Malam, mi kaka kamawa?"

"Abincin kihinka."

Mutumin ya leƙa kwalba, ruwa zalla. Ya girgiza kai ya ce, "Allah shi ba da lahiya," ya ƙi karɓar ko sisi. Kawu kuwa, da yake ba ya wasa da sauƙi, bai ƙara hawa jirgin kowa ba sai nasa.

Baƙo ba ya shan ruwan gidan sai ya leƙa madubi. Limamin unguwa ya leƙa, ya ja da baya. "Subhanallahi! To, alwalarmu hwa?"

"Da su kaka yin ta tun kana yaro, Malam, ba su taɓa kai ƙara ba."

Babban burinsa ya ga na teku, don ya karanta wai wasunsu haske suke yi. Sai ya roƙi wani direban motar shanu ɗan Bakura mai zuwa Ikko ya ɗebo masa jarka guda. Kwana biyar jarkar tana gasuwa a bayan tirela. Da aka buɗe, wari har kaji ya kora. Kawu ya duba, ya sake dubawa, babu mai motsi. Ya cire hula ya ce, "Baƙi sun rasu bisa hanya." Wallahi har gaisuwa muka yi masa!

Bara yanar ido ta rufe masa gani. Ya lulluɓe madubin da tsumma, ya daina zancen, ya daina tsokanar kowa. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Wata safiya na je, na tarar Gwaggo ta sa almakashi a sabon gyalenta da hannunta. Ta ɗinka taru, ni ta aika dam da shi a kan babur. Da na dawo na ɗiga mata, ta runtse ido ɗaya, ta leƙa. Sai ta zabura.

"La'ilaha illallahu! Malam, ga wata nan da ƙunshin ƙwai biyu a gindi, sai tsalle takai!"

Kawu ya tashi zaune. "Ido nawa gare ta?"

"Guda ɗai."

"Ita ce! Ita ce, Hajo!"

"Ashe ba ƙarya kaka yi ba."

Yana dariya hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba. Bai cika wata ba ya rasu.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya buɗe masa idonsa a Aljanna, Ya shayar da shi ruwan Alkausara. Gwaggo ta ce amin, amma ta san sai ya ɗaga wa haske kafin ya sha.