Ranar da Na Taɓa Lissafi a Gaban Mudir

Ku da kuka kama aiki bana, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba. Ranar ce kwamitin asibitinmu na unguwar Harra ta Yamma, a nan ƙasa mai tsarki, ya zauna zaɓen aikin kwamfuta ɗaya cikin biyu, mako uku bayan Hajji. Lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen tsare-tsare.

Mudir, wato shugaban asibitin, Dakta Usman, ya ƙwallafa rai a kan manyan allunan lantarki masu kiran layi a zauren jira. Sista Halima, 'yar Hausawan Sudan mai kula da ɗakin gaggawa, manhaja take so wadda za ta yi gargaɗi idan maganin likita zai yi karo da wanda alhaji ya taho da shi daga gida. A Hajjin nan saura ƙiris wani tsoho ya rasu a hannunta saboda haka.

Mu ba ma zaɓe da ɗaga hannu. Ana jera ma'auni: kare ran majinyaci, tsada, saurin kammalawa, da gamsuwar masu jira. Kowanne a ba shi nauyi, a ba kowane aiki maki, a tara. Da na tara, na Sista Halima ne a sama.

Mudir ya haɗe rai. "Ya Bashir, akwai galat, akwai kuskure a hisabin nan. Gyara nauyin."

Ga shi kuwa shi ke sa hannu a takardar ƙarin girmana. Na ce, "Abshir, an gama, ya Dakta, amma a gaban kowa za mu gyara."

Na haska lissafin a bango. Na ƙara wa gamsuwa nauyi, allunan ba su haye ba. Na ƙara wa sauri, shiru. Sai da na sauko da nauyin ran majinyaci ƙasa da komai sannan suka ci. Na ce, "Ga shi, ya Dakta. A rubuta cewa haka ka umarta?"

Sista Halima ta ce, "Rubuta da manyan baƙaƙe, ɗana."

Mudir ya dubi bangon, ya dubi Sista Halima, sannan ya yi dariya. "Khalas, shi ke nan, mayar yadda yake. Mabruk, ya Hajiya, barka da nasara."

Wallahi na ji daɗi, har sai da na manta motata na kama hanyar gida a ƙafa.

Na koyi cewa a aikinmu ba a cika samun mugu ba, mai son abinsa dai. Kada ku yi musu da babba. Ku nuna masa abin da zai sarayar kafin ya samu nasa, ku bar shi ya faɗa da bakinsa.