Muryar da Na Tura a Kan Mai Kanwa

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina riƙe da alli a Filinge da ƙauyukan Kurfai, amma aikin da mutane suka fi sanina da shi ba koyarwa ba ne, karatun wasiƙa ne. In takarda ta zo daga Abijan ko Kumasi, wurina ake kawo ta, in karanta a raina tukuna, in zaɓi abin da zan faɗa wa tsohuwa da abin da zan ajiye sai ɗan'uwanta namiji ya zo. In rediyo ya yi magana da Faransanci, ni ake jira a bakin masallaci in fassara. Har ta kai in gardama ta yi zafi a rumfar mai shayi, da wani ya ce "Mushe ya hwaɗi," sai a yi tsit. Mushe shi ne abin da ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a wurinmu, ni kuwa ya bi ni har ya cinye sunana na yanka. Ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi, kuma ya sa mini girman kai.

Da na ajiye alli, ɗiyata da ke aiki a Yamai ta aiko mini da babbar waya, irin mai shafawa. Ba a yi wata biyu ba aka naɗa ni shugaban wani gurup na Wasap da ya tara ƴan garinmu na gida da na waje: masu dako a Legas, masu gadi a Abijan, magina a Libiya, da manoma da ƴan kasuwar da ke nan tare da mu. Yawancinsu ba su yi lakwal ba, don haka da saƙon murya ake komai, abin da muke kira bokal. Na riƙe gurup ɗin kamar yadda na riƙe aji. Wanda ya turo maganin da ke warkar da cuta arba'in, in share. Wanda ya turo hoton gawa, in kira shi in wanke shi tas. Ni kaina ba na yawan tura abu, shi ya sa in na tura ake tsayawa a saurara.

Ina da maƙwabci, katanga ɗaya ta raba mu, mai sayar da kanwa da gishirin dabbobi da igiya. Kasuwa-kasuwa yake bi, yau Bonkuku, gobe wata kasuwar daji, wani lokaci har Baleyara. Makiyaya ne masu sayen kayansa, don haka ya iya Fillanci, ya iya Zabarmanci, yana kuma ɗan taɓa Buzanci. Tsarana ne. Ranar da aka kawo ni garin ina saurayi da akwati ɗaya, shi ya ara mini tabarma da buta. Sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, kafaɗa da kafaɗa, kuma kullum sai ya tsokane ni, wai na karanta littafi ɗari amma ban san bambancin tunkiya mai ciki da mai ƙoshi ba. Ni kuma in ce masa kanwa ta ratsa shi har sauro ba ya cizonsa. Lokacin da mahaifina ya rasu a ƙauye, shi ya bar kasuwa ya raka ni, shi ya shiga kabari ya karɓi gawar.

Sai shekarun tsoro suka zo. Mutanen daji, masu bindiga a kan babura, suka fara tare hanya, suna kore shanu, suna shiga ƙauye su kira mutum da sunansa. Wannan kiran suna shi ya fi tayar mana da hankali, don yana nufin akwai mai ba su labari a cikinmu. Kowa ya fara kallon kowa ta wutsiyar ido. Wata ranar kasuwa suka tare motar ƴan kasuwa a hanyar arewa, suka kashe mutane. Cikin gawarwakin da aka kawo akwai wani da na koyar tun yana ajin farko, ya girma ya zama tela, ya bar mata da goyo. Na tsaya a kan kabarinsa zuciyata tana tafasa, ina neman wanda zan ɗora wa.

Washegari da hantsi ina zaune a zaure wani bokal ya shigo. Wani tsohon ɗalibina ne ya turo mini daga Legas, shi ma turo masa aka yi. Muryar namiji ce, a natse, da Hausarmu ta Kurfai, ya fara da salati kamar mai wa'azi. Ya ce shi mai kishin ƙasa ne, ba zai faɗi sunansa ba saboda tsaro. Sannan ya kira sunan maƙwabcina, da sunan ubansa, da unguwarmu. Ya ce a ƙarƙashin buhunan kanwa yake ɓoye man fetur da magunguna yana kai wa mutanen daji, kuma shi ya gaya musu lokacin da motar za ta tashi. Ya ce mu tambayi kanmu, me ya sa shekara da shekaru yana ratsa daji ba a taɓa tare shi ba? Ya rufe da cewa duk wanda ya ji bai tura gaba ba, jinin da za a zubar nan gaba yana wuyansa.

Sau uku na saurara. Ina jin tarin maƙwabcina ta bayan katanga, yana ɗaure buhu. Taku ashirin ne tsakanina da shi, amma ban tashi ba. Wannan tambaya ta me ya sa ba a taɓa tare shi ba ita ta shige ni kamar ƙaya, na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Kuma na ji tsoro. In gaskiya ne fa, na kuma rufe, gobe a ce Mushe ya sani ya ɓoye don maƙwabcinsa ne? Na danna, na tura a gurup. A ƙarƙashinsa na rubuta, da Faransancina mai kyau, cewa ba a tabbatar da wannan magana ba, a yi hattara, kada a yanke wa kowa hukunci. Na ajiye waya ina jin na yi abin da mai hankali zai yi.

Ni da na ƙare ƙuruciyata ina karanta wa mutanen nan wasiƙa saboda ba su iya karatu ba, ni ne na ba su gargaɗi a rubuce, da Faransanci ma. Babu wanda ya karanta shi. Abin da suka gani hotona ne da farar hula, abin da suka ji kuwa muryar. Da suka tura gaba, muryar ce kaɗai ta tafi, rubutuna ya tsaya inda na bar shi.

Kafin azahar magana ta gama gari. A masallaci maƙwabcina ya zo ya tsaya a gefena yadda ya saba, sai na ga wanda ke ɗaya gefensa ya ja baya ya koma sahu na biyu. Liman ya ce a cike sahu, babu wanda ya motsa. Da aka sallame maƙwabcin nawa ya miƙo mini hannu yana dariya.

"Mushe, mi yas samu mutane yau? Ko wari nika yi?"

Na ce ban sani ba. A cikin masallaci na faɗi haka.

Matata a bakin famfo ta ji. Ta shigo ta dire bokiti har ruwa ya fantsamo mini a riga.

"Malam, an ce kai kat tura."

"Na rubuta ƙasa ba a tabbatar ba."

"Ka rubuta ma wa? Matarshi na can tana kuka, an hidda mata bokiti daga layi. Tahi ka karanta mata."

Na daka mata tsawa, na ce maganar tsaro ba ta mata ba ce. Ta dube ni irin duban da ba ta taɓa yi mini ba, ta koma madafa.

Kwana uku bayan haka masu kaki suka zo da mota da safe. Ba zan ɗora musu laifi ba, in gari duka yana nuna mutum da yatsa dole su tambaya. Suka zazzage buhunan maƙwabcina a ƙofar gida, kanwa ce da gishiri. Duk da haka suka tafi da shi. Ina tsaye a bakin zaurena na ga ya waiwayo yana neman fuskar da ya sani, ni kuwa na sunkuya ina gyara takalmi.

Wata huɗu ya yi a tsare. Damina ta sauka a kan kayan da aka bari a waje, gishirin ya narke, ƙofar gidansa ta yi fari, ko ciyawa ba ta fito a wurin ba. Gonarsa ta hatsi tana kan hanyar tawa. Matarsa da ƴaƴansa mata suka yi shuka iya ƙarfinsu, amma da lokacin noma ya yi babu wanda ya kai musu hauya, don kowa na tsoron a gan shi a wannan gona. Ni ma na riƙa zagayawa ta wata hanya, har na saba da ita. Matata kuwa kullum sai ta miƙa kwano ta kan katanga, a kan idona, ba ta taɓa neman izinina ba. Na so in hana, bakina ya kasa.

An fara girbi aka sake shi, ba a same shi da komai ba. Ya dawo ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ranar na ɗauki waya, wannan karon da murya. Na ce ni Mushe ne, na ce abin da na tura ƙarya ne, hukuma ta bincika ta wanke shi, na roƙi duk wanda ya tura na farko ya tura wannan. Wayar tana nuna waɗanda suka saurara, na yini ina dubawa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Wasu sun buɗe, amma ban ji ya je ko'ina ba. Mutum ɗaya ya amsa daga Abijan, ya ce, "Mushe, Allah shi ba da lada, amma maƙwabcinka na, dole ka hwaɗi haka." A makon nan ma wani ya sake turo mini bokal na farko daga Libiya, yana tambaya ko na ji.

Kasuwa ta ƙare masa. A gari babu mai saye a wurinsa. A daji makiyayan da suka san shi suka aiko masa kada ya zo, don wanda ya kwana a hannun hukuma mutanen daji za su ce ya yi magana, kuma duk wanda aka gani tare da shi ya shiga uku. Ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Ya sayar da jakunansa da amalanke, ya ce zai koma Yamai wurin ƙanensa.

Ranar da zai tashi na shiga gidansa, karo na farko tun da abin ya faru. An ɗaure kaya a tsakar gida, yana zaune a kan buhun hatsi. Ya jawo mini kujera. Muka gaisa doguwar gaisuwa, lafiyar gida, gajiya, aikin gona, har gaisuwa ta ƙare babu sauran inda zan ɓuya. Na ce masa ni na tura a gurup, na zo neman gafara. Na fara bayanin rubutun da na yi a ƙasa, sai na ji kunyar kaina, na bar maganar.

"Na sani," ya ce. "Tun ina can anka gaya min." Ya ɗan jima yana murza igiyar buhun. "Mushe, abu guda nika so. Kowa ya ji maganag ga, har waɗanda sunka tambaye ni sun ji ta. Ni ɗai ban ji ta ba. Wayata ƴar ƙarama ta, ba ta ɗaukar wanga abu. Kunna min in ji."

Na ce babu amfani. Ya ce in kunna. Na lalubo bokal ɗin, na miƙa masa wayar. Muka zauna, muryar tana kiran sunansa da sunan ubansa a tsakar gidansa. Matarsa ta tashi ta shige ɗaki. Ya saurara har ƙarshe, kansa a karkace, sannan ya tambaye ni.

"Muryar wa ta?"

"Ban sani ba."

"Ba ka taɓa ganinai ba?"

"Ban taɓa ba."

"Ko sunanai?"

"Bai hwaɗi ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya miƙo mini wayata.

"To. Ni ina can ina cewa wani babba na, wanda kas sani, wanda ba ka iya ƙi mai. Da haka niy yi ta ba ka hanzari wata huɗu. Ashe ba ka ma san shi ba."

Mota ta yi ham a ƙofar gida. Ya miƙe ya sunkuya zai ɗauki buhun, na kai hannu in kama masa, ya ce, "Bari, Mushe, ba shi da nauyi." A bakin zaure ya tsaya, buhu a kafaɗa, ya ce ya yafe mini, tunda Allah ya ce a yafe. Bai ba ni hannu ba.