Takalman Yero

Maikano baduku ne a kasuwar Kore Mairuwa, Ba'are mai tsage daga baki har kunne, ga harshe kamar aska. Babu mai iya masa sai Yero, wani Bafulatani makiyayi da ke kawo masa gyaran takalma. Ba'are da Bafulatani abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa ya zagi kowa, ba fushi ba ƙara. Da zamanin ƙuri'a ya zo, sai suka ƙara samun abin faɗa: Maikano na jam'iyyar da ta ci, Yero na wadda ta faɗi. Ran kasuwa har ciniki ake bari a zo kallon gardamarsu.

Ƙasa ta sami 'yanci da jam'iyya ɗaya tak, ta Yero an haramta ta. Maikano bai ga laifi ba, tunda tasa ce ta rage. Har daɗi ya ji. Dattawa ma suka ce ƙasa jaririya ce, ba ta son hayaniya.

Wata ran kasuwa Yero ya tuɓe takalmansa ya jefa wa Maikano don gyara. Wasu samarin jam'iyya, baƙi daga birni, na tsaye kusa. Maikano ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Ku kama mini bawan ga nau! Har yau ƙuri'ar 'yan adawa tana cikin malfatai."

Yero ya yi dariya, ya buɗe baki zai rama, sai ya ji an riƙe masa hannu. Maikano ya bi su yana rantsuwa wasa ne. Babbansu ya ce, "Baba, ba a wasa da gwamnati." Kasuwa cike take da waɗanda suka san wasan, amma kowa ya sunkuyar da kai ga kayansa. Aka tafi da Yero Dogon Dutsi ƙafa ba takalmi. Daga baya aka ji an sake shi, ya kora shanunsa ya ƙetare iyaka.

Maikano ya gyara takalman ya rataye. Kewa ta cinye shi, don tun daga ranar bai sake samun wanda zai zage shi ba.

Shekaru suka tafi, fari ya zo, sai soja suka karɓi mulki suka rushe jam'iyyar tasa. Babu wanda ya tashi kare ta. Mutane sun daɗe da koyon sunkuyar da kai, kuma a gaban rumfarsa suka fara. Shi kuwa ya sauko da takalman ya shafa musu mai, ko Yero zai dawo.

Yana cikin shafawa wani dattijon Bafulatani ya gitta. Maikano ya ɗaga murya, ya jefa masa wasan da ya saba yi wa Yero.

"Kai bawa, ina kas sato shanun ga?"

Mutumin ya dubi hagu, ya dubi dama. "Allah shi ba ka haƙuri, malam," ya ce, ya ƙara sauri.

Maikano ya mayar da takalman inda suke.