Karkataccen Bakin Baffa Modu

Ranar wata Juma'a ce cikin daminar shekarar 2008. An sauko daga masallaci, yayyafi ya ɗauke, ƙasar tsakar gidanmu na unguwar Dogo Nini a Potiskum sai ƙamshi take yi. Mutanen gidan kakaf mun cunkushe a ɗakin Yaya Falmata, wasu a kan tabarma, wasu a tsaye bakin ƙofa, ni kuma ina zaune a gaban kwamfuta ina ta hura hanci, domin ni aka miƙa wa wani faifan bidiyo in saka. Baffa Modu ne ya aiko da shi, ƙanin Baba kuma autan Kaka, wanda ya tafi karatu Malesiya da matarsa, shekaru suka shuɗe bai leƙo gida ba. An ajiye wa Kaka kujerarta 'yar tsugunno dab da allon. Da fuskarsa ta fito ya yi sallama, sai ɗakin gaba ɗaya ya amsa kamar yana jinmu. Bai yi nisa da gaisuwa ba hoton ya fara tsalle-tsalle, muryar tana yankewa, can sai komai ya tsaya cak. Ga Baffa Modu a allo, bakinsa a karkace gefe guda, ido ɗaya a runtse. Mu yara muka kwashe da dariya har da faɗuwa. Da na waiwaya, sai na ga Kaka ta kafe allon da ido, carbinta ya tsaya a hannunta.

Wannan kwamfuta tsohuwa ce tun ranar da ta shigo gidanmu. Baba ɗan kasuwar shanu ne, bai san komai game da ita ba, ya saya wa Yaya Falmata ne ta hannu lokacin da ta fara karatun kwamfuta a kwaleji. Allonta ƙato ne mai ƙeya, akwatinta fari da ya koma ruwan ƙwai, kuma idan aka kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe. Inna ta ɗinka mata mayafi mai furanni saboda ƙura. Mun san halinta sarai: za ka kunna ta, ka je ka share gindin dalbejiya, ka zuba wa awaki dusa, ka dawo ka tarar ba ta gama farkawa ba. Duk da haka, a layinmu babu gidan da ke da irinta, kuma ni da nake aji biyar na firamare na ci albarkacinta a makaranta ba kaɗan ba. Ƙawayena kan ba ni aya da goruba domin in bar su su zana gida da bishiya su shafa musu launi. Dokar Inna ɗaya ce: babu mai taɓa kwamfutar sai ya gama aikinsa. Ban taɓa yin wanke-wanke da ɗibar ruwa da sauri irin na shekarun nan ba. Ranar Asabar idan muka je gonarmu ta hanyar Damagum cire ciyawa a cikin wake, ina duƙe a kunya amma addu'ata ɗaya, Allah ya sa mu koma mu tarar da wuta. Har 'yar gala-gala da carafke, da a da ba a yi ba ni, na fara yi musu yanga.

Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa ake kirana Ummi, kuma a ɗakinta nake kwana. Saboda haka ni na fara lura cewa abin da ya ba mu dariya ita bai bar ta ta sake ba. Washegari da safe na kawo mata kunun gyaɗa, ta kurɓa kaɗan ta ture. Ina shafa mata man zafi a gwiwa take ba ni labarin da ban taɓa ji ba, cewa kakanmu, mijinta, haka ciwonsa ya fara. Yana zaune yana karin kumallo bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma bai ƙara tashi ba. Ta ce ta san wannan karkacewar, ba yau ta fara ganinta ba. Na yi ta rantse mata cewa laifin kwamfutar ne, ta ce in haka ne me ya sa duk sanda aka sake sakawa a nan wurin take tsayawa. Gaskiyarta kuwa, mun gwada har mun gaji, kullum a nan take cijewa. Na'urar kallon faifai ta falo ma ƙin karɓarsa ta yi gaba ɗaya.

Baba ya kira Baffa Modu a waya ya kanga wa Kaka a kunne. Baffa ya yi ta dariya yana ce mata lafiyarsa ƙalau, amma Kaka kunnenta ya yi nauyi, rabin maganar ma ba ta ji ba. Da aka kashe sai ta ce, "Murya tana iya ɓoye ciwo, fuska ce ba ta iyawa." Aka ce to a kai ta shagon kwamfuta na cikin gari ta kalla a can, ta ce atafau, in ɗanta ba shi da lafiya ba za a baje shi a gaban baƙi ba. Kwanaki suka yi ta tafiya, Kakar da ke cika gida da tsokana da waƙar Barebari ta koma shiru-shiru, tuwo ma sai an yi da gaske take taɓawa. Ni kuwa duk na tsargu, tun da da hannuna na saka faifan. Na bi Yaya Falmata kamar jela, tana girki ina binta, tana guga ina binta, ina roƙonta ta yi wani abu.

Yaya Falmata ba mai yawan magana ba ce. Ta ɗauki kwana biyu tana bincike da tambayar abokan karatunta, sannan wata yamma da Baba ya dawo daga kasuwa yana wanke ƙafa a bakin rijiya, ta durƙusa ta yi masa bayani. Ta ce Baffa ya ɗauki hoton ne da sabuwar kyamara, aikin ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfutarmu, wadda ake kira firosesa. Ta ce akwai sabuwa mai ƙwaƙwalwa biyu a haɗe, masu shago suna ce mata duwal-kwa, kuma ta duba ta ga za ta zauna a mazaunin tsohuwar, ba sai an sayi wata kwamfutar ba. Baba ya ce bai gane ba. A lokacin Inna da maƙwabciyarmu suna daka gero a turmi ɗaya, taɓarya na sauka taɓarya na tashi. Yaya ta nuna su ta ce, "Baba, tamu mace ɗaya ce take daka. Waccan kuwa lugude ne." Baba ya yi murmushi, ya dubi ƙofar ɗakin Kaka, ya ce a nemo. Mutumin da zai wuni yana ciniki a kan ɗan maraƙi, ranar ko tayi bai yi ba.

A Potiskum ba a same ta ba a lokacin, sai Legas. Akwai Malam Hamidu, direban tirelar da ke kai shanun su Baba kudu, shi aka ɗora wa saƙon, Yaya kuma ta yi magana da mai wani shago na can ta waya. Ranar Laraba, ranar kasuwa, na raka Baba har wurin lodi, na ga motar ta tashi cike da shanu, ƙahonni sun yi cirko-cirko, na bi ta da kallo har ta ɓace. Daga nan na shiga jira. Duk ƙarar babbar mota da na ji daga titi sai in ruga ƙofar gida. A makaranta na cika wa kowa baki cewa ana kawo mana injin da ya fi na banki, har wata ƙawata ta tambaye ni ko zai shiga ta ƙofar zaurenmu, na ce mata wataƙila sai an fasa katanga. Kaka kuwa kullum da safe sai ta tambaye ni, "Takwara, maganin akwatin naku bai iso ba?"

Ranar da Malam Hamidu ya dawo, Baba ya aika mai baro tasha ya ɗauko kayan. Muna tsaye a ƙofar gida sai ga mai baro yana turo baronsa wayam, direban na biye da shi yana ƙunshe dariya. Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya ciro wani ɗan ƙunshi, ya warware. Abin bai kai tafin hannuna ba, ɗan murabba'i ne kamar yankan alawar madara. Baba ya juya shi gaba da baya, ya ɗaga shi sama, ya tambayi direban ko dai sauran ya faɗi a hanya. Yaya Falmata ce ta karɓe da sauri tana cewa kada a taɓa ƙasansa. Mai baron dai an ba shi ladansa, ya tafi yana cewa bai taɓa dakon da ya yi masa daɗi kamar wannan ba. Ni kuma na rasa da wane ido zan kalli 'yan ajinmu.

Washegari Asabar da hantsi aka yi aikin, an ma ɗage zuwa gona dominsa. Yaya ta shimfiɗa sabuwar tabarma a barandar Inna inda haske yake, ta kwantar da akwatin, ta kwance shi da sukundireba. Ƙurar da muka tarar a ciki ta isa a shuka gyaɗa, har da gawar ƙadangare ƙarami a bushe. Ni na share ta da burushin fenti, a hankali, ina atishawa. Ta cire 'yar fankar da ke ciki, ta ɗaga wani ɗan ƙarfe, ta zaro tsohuwar firosesar ta ɗora mini a hannu. Ita ma ba ta taɓa saka sabuwa da kanta ba, gani kawai ta yi a makaranta. Ta ce idona ya fi nata kaifi, in duba wata 'yar alamar zinariya a kusurwa in daidaita ta da ta mazaunin. Na riƙe numfashina, na yi bisimilla, na sauke ta. Ta zauna daram ba tare da an danna ba. Yaya ta ɗiga mata wani farin mai kamar na goge haƙori, ta mayar da fanka, muka rufe. Babu wuta, sai aka aro janareton maƙwabta. Aka kunna, fanka ta juya, amma allo baƙi ƙirin, akwatin sai ƙara yake yi ƙit-ƙit. Yaya ta sake buɗe akwatin, ashe garin shara na ɗan ɗaga wani siririn abu na cikin akwatin daga raminsa. Ta danna shi ya koma. Da aka sake kunnawa, ban kai ga gyara zama ba kwamfutar ta farka.

Aka mayar da ita ɗakin Yaya, ni na je na kamo hannun Kaka, na saka faifan. Wannan karon babu mai dariya. Baffa Modu ya yi sallama, ya gaishe da kowa da sunansa, murya tar, hoto sumul. Da aka iso wurin da muka sani, sai ga bakin ya karkace, idon ya runtse, na ji yatsun Kaka sun matse nawa. Amma hoton bai tsaya ba. Ya kumbura kumatu, ya zaro harshe, kyamarar ta sauka ƙasa, sai ga jariri ɓul-ɓul a kan shimfiɗa yana ƙyalƙyala dariya yana harba ƙafa. Ashe wasa yake yi wa ɗansa. Ya ɗago shi ya nuna mana, ya ce ga mai sunan kakanmu, a gaishe shi. Hawaye suka bi kuncin Kaka. Can ta share da bakin mayafi ta ce, "Ku ji mini yaron nan. Da gemunsa da iliminsa, ya hana ni cin tuwo a kan shirme." Sai ta fashe da dariya, ɗakin ya ɗauka. Ta sa aka maimaita har man janareto ya ƙare, kuma da rana ta cinye tuwonta tas ta nemi ƙari. Makonni bayan haka, duk tsohuwar da ta shigo gaishe ta sai an kira ni in kunna mata jikan Malesiya.

Yanzu wayar da ke cikin jakata ta fi waccan kwamfutar ƙarfi nesa ba kusa ba, ban ma san ƙwaƙwalwa nawa ke cikinta ba. 'Ya'yana kan kira 'yan uwansu na nesa su gan su ido da ido, suna kwance a kujera, wani lokaci ko tashi zaune ba sa yi, kuma in hoton ya ɗan tsaya sai su yi tsaki su kashe. Kaka ta rasu, Baffa Modu ya dawo gida har ya yi furfura, Yaya Falmata tana koyar da ɗalibanta abin da ta fara gwadawa a barandar Inna. Idan na je Dogo Nini nakan tarar da gidan cike da mutane, amma kowa da nasa allon a tafin hannu, kansa a sunkuye. Mu a lokacinmu allo ɗaya gare mu, kuma ya ishe mu duka.