Anti Mai Kwaɗi

Yayata ta yi shekara ashirin da uku tana aiki a gidan tarihi, amma ba a ɓangaren takubba da tsofaffin tukwane ba. Nata ɗakin yana can ƙarshen baranda, bayan banɗakin baƙi, inda ake kawo 'yan firamare su koyi kimiyya da hannunsu. Ko'ina a ginin an rubuta kada a taɓa. Ɗakinta ne kaɗai babu wannan rubutu, don haka duk ƙaiƙayin hannun da yaro ya tara tun daga bakin ƙofa a wurinta yake sauke shi.

Da can malamar aji biyu ce. Ƙurar alli ce ta kore ta. Tari ya sa ta gaba har likita ya ce ta zaɓa, ko allo ko ƙirjinta. Da ta ji gidan tarihi na neman wadda ta iya da yara, sai ta ɗauka hutu ne ya zo. Ta ce mini, "Auta, ajin shekara guda da ajin awa guda ai ba ɗaya ba ne." Ta manta cewa ajin awa gudan sau huɗu yake zuwa a rana, kuma kullum sababbin fuskoki, ba wanda ya san halinta balle ya ji tsoron hararta.

Na sha kai mata ziyara a ɗakin. Teburori shida ne masu gajerun ƙafafu. Ɗaya na maganaɗisu da kwanon ƙusoshi, ɗaya na gilashin ƙara girma, kowanne an ɗaure shi da igiya don kada ya bi aljihu. Akwai saɓar maciji, da ƙoƙon kan akuya, da akwatin yashi da take binne ƙasusuwan roba a ciki yara su tono, ta sake binnewa kafin motar 'yan makaranta ta gaba ta iso. A jikin taga kuma akwai tankin gilashi cike da talibambam, 'ya'yan kwaɗi. Ita da kanta take kamo su a kududdufin bayan garejin kanikawa, da rariya da bokiti, ta riƙe su har su yi ƙafafu, sannan ta mayar da su ta kamo wasu. Daga nan yara suka raɗa mata Anti Mai Kwaɗi. Sunan ya biyo ta har gida. Mijinta yakan ce, "Ke da kika rantse ko kaza ba za ki kiwata ba, ga shi kin ƙare a kwaɗo."

Aikin duk a tsugune ake yin sa. Ta ce yaro ba ya jin maganar da ta faɗo masa daga sama, sai ka sauko daidai idonsa. Haka take yini, tsuguna tashi, tana ƙwace ƙusa daga bakin wannan, tana share majinar wancan. Malaman da suka rako yaran kuwa, yawancinsu da sun shigo sai su nemi bencin baya su fito da waya. Ba ta ganin laifinsu. "Na san wannan zaman," in ji ta. "Awa guda ce suka samu a shekara."

Abin da ya fi cin ta tambaya ce. Ba don wuya ba, don maimaici. Yana cizo? Na gaske ne? Wa ya kashe akuyar? In ta dawo gida, 'ya'yanta sun san ba a tambayar Mama komai sai ta cire takalmi ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi. Babbar 'yarta ta taɓa ce mata, "Mama, haƙurinki duk a wurin aiki kike ƙarar da shi, mu sai kanzo." Yaya ba ta musa ba.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, ajin ƙarshe, yara talatin da wani abu. Ta tsuguna a gaban tanki tana nuna musu wani da wutsiyarsa ta kusa ɓacewa. Wata 'yar yarinya mai giɓi ta tambaye ta, "Anti, ina wutsiyar take tafiya?"

Yaya ta san amsar kamar sunanta. Ta buɗe baki, sai ta ji ba za ta iya sake faɗa ba. Ta jawo 'yar kujerar yara ta zauna. Yaran suka yi cirko-cirko suna kallonta.

"Anti, barci kike ji?" in ji yarinyar.

"E, 'yata. Barci nake ji."

"To ki kwanta mana, mu ba za mu faɗa ba."

Yaya ta ce su matso su kalli tankin kawai, kowa ya zaɓi nasa ya bi shi da ido. Suka manna hanci a gilashi. Shirun da ya sauka har ya sa malaminsu ɗago kai daga waya ya ga ko lafiya. Da lokaci ya cika ya kaɗa su waje, Yaya ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ce ba da ita ba. Sai da mai shara ta leƙo da tsintsiya, ta same ta a zaune, ta kama ta ta miƙar.

Likitan ƙashi ya duba hoton gwiwoyin ya tambaye ta ko dako take yi. Ya hana ta tsuguno har abada. Darakta mutumin kirki ne, bai sallame ta ba, ya mayar da ita ɗakin ajiye jakunkuna kusa da ƙofar shiga, inda akwai kujerar manya da fanka. Aka ɗauko wata matashiya mai digiri ta karɓi ɗakin yaran. Tana da ƙoƙari, amma tana ƙyamar kududdufi, don haka aka zubar da ruwan tankin aka zuba busassun ganyaye da ƙwarin roba.

Na yi zaton abin zai yi wa Yaya ciwo. Na tambaye ta wata rana da na same ta tana rataye gorunan ruwa a ƙusa.

"Yaya, ba kya kewa?"

Ta ce, "Na so in yi kewa, Auta. Ina jira ta zo, har yanzu ba ta zo ba. Wataƙila sai na gama hutawa."

Shekara biyu ta yi a ɗakin jakunkuna, sannan ta ajiye aiki. An yi mata ɗan taro a baranda, aka ba ta agogon bango da takardar yabo. Agogon yana falonta, takardar ban san inda ta jefa ta ba.

Yanzu tana gida, tana tafiya da sanda. Da hantsi takan fito da kujera ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafafu a rana. Maƙwabciyarta, wadda ta buɗe 'yar makarantar raino, ta zo sau biyu tana roƙon ta riƙa leƙawa ko sau ɗaya a mako ta nuna wa yara wani abu. Yaya ta ce za ta yi shawara. Ina wurin a zuwa na biyu, da matar ta fita, Yaya ta dube ni ta ce in tura ƙofar, in sa sakata.